Amsa ga ɗalibina: wane motsi ne ake kira na gwaninta a ces?

Toh ɗana, na ga saƙonka jiya da dare, wai ka buga ces a Chess.com kwamfuta ta liƙa maka alamar motsin rai guda biyu (!!), wato alamar motsi na gwaninta, har ka kasa barci don murna, kana tambaya ta me ke sa a ce motsi na gwaninta ne kuma ta yaya mutum zai riƙa samo shi. Madalla, amma kar kanka ya kumbura. Ita wannan manhajar babban abin da take dubawa shi ne ka sadaukar da ɗa mai daraja kuma ba ka faɗi ba. Mu a wajenmu sai motsin ya zama wanda ido ke ƙi da farko, wanda ɗan kallo zai ce kai wannan ya yi ɓatan kai, sannan in an zauna an bi lissafi a tarar babu ta inda za a kuɓuce masa.

Ɗauko allonka ka jera wasan Levitsky da Frank Marshall, wanda aka buga a Breslau a 1912. Marshall ne da baƙaƙen 'ya'ya, an kawo wa sarauniyarsa hari da ruk (ɗan da ke tafiya a miƙe), kowa na jira ya ja ta baya, sai a motsi na 23 ya ɗauke ta ya dangwarar a gidan g3 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa), gaban sojojin da ke gadin sarkin fari, inda za a iya cin ta ta hanya uku. In sojan layin h ya ci, doki ya sauka e2 an kashe sarki nan take. In sojan layin f ya ci, doki ya ba da cek (hari kai tsaye ga sarki) a e2, sarki ya matsa lungu, ruk ya ci ruk a f1, an gama. In sarauniyar fari ce ta ci, nan ma dokin ne, cek a e2 sannan ya cinye ta a g3, baƙi ya fita da riba. In kuma an ƙyale sarauniyar Marshall, h2 za ta faɗa ta kashe sarki. Levitsky miƙa hannu kawai ya yi. Gaskiya ko bai yi wannan ba Marshall yana kan gaba a wasan, wasu ma na cewa ai ƙawa ce kawai, ni dai har yau in na jera shi sai na yi murmushi.

Abin da nake so ka lura, duk hanyoyin nan uku doki ɗaya ne ke aikin, yana zaune a d4 tun kafin sarauniya ta motsa. Haka na Bobby Fischer da Donald Byrne a New York a 1956, Fischer yana yaro ɗan shekara 13, a motsi na 17 ya bar sarauniyarsa a bakin ci ya kai bishof (ɗan da ke tafiya a karkace) e6. Byrne ya ci, daga nan fa sai ruwan cek, doki da bishof suka riƙa wasa da sarkinsa, kafin ƙura ta lafa yaron ya kwashi ruk da bishof biyu da soja a madadin sarauniya ɗaya. Me ya ba shi wannan damar? Byrne ya bar sarkinsa a tsakiya bai kai shi maɓoya ba, ya tsaya motsa bishof ɗaya sau biyu tun a buɗe wasa. Ka ga sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka duk sanda ka ga sarki ba masu gadi, ko ɗan da ba mai kare shi, ko ɗa guda da aka ɗora wa gadin wuri biyu, toh ka zauna a kan hannunka, da gaske nake, ka danne su a ƙarƙashin cinya don na san ka da gaggawa. Fara da duk cek ɗin da kake da shi, har wanda ka ga kamar shirme ne, sannan duk abin da za ka iya ci, sannan barazana. Kowanne ka nemo wa abokin wasanka amsar da ta fi ƙarfi, kar ka zaɓa masa wadda kake fata ya yi, nan ne yawancinku kuke faɗuwa, ku ba da doki kuna addu'a Allah ya sa bai gani ba, ya gani kuwa, dara ta ci gida.

Kuma ka rage wasan minti uku-uku ɗin nan na waya, ba a koyon lissafi a guje. Kullum ka warware matsalolin ces kamar goma, ba tare da ka taɓa ɗa ba sai ka ga ƙarshen layin a kanka. Ranar Asabar ka zo da wasan naka na jiya a rubuce, mu jera shi a allo, ka nuna min me za ka yi da a ce abokin wasanka bai ci abin da ka ba shi ba.