Zoben Tazara da Kwanbata: Me Ya Sa Na Nesa Ya Ƙi Fitowa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ɗaukar hoton biki. Na sayi zoben nan da ake sawa tsakanin lensi da jikin kyamara, mai milimita 25, don ɗaukar lallen amarya daf da daf, kuma ya fito tsaf. Amma da na juya kan dangin ango, sai komai ya koma dishi-dishi. Sannan ina so in jera kwanbata biyu, wato na'urar da ke ƙara wa lensi jawo na nesa, mai ninki 1.4 da mai ninki 2, a bayan lensina mai milimita 200 saboda wasan folo a Dandalin Murtala. Su ma haka za su yi mini? Mai hoto daga Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, kyamararka lafiyarta ƙalau. Zoben nan babu gilashi a cikinsa, aikinsa kawai ya nisanta lensi daga sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Da zarar an nisanta shi, lensi zai kama abin da ke gaban hancinsa, amma na nesa ya kuɓuce masa. Idan lensi mai milimita 50 ka ɗaura, komai murɗa fokas ɗinka ba zai wuce kamar santimita 15 ba, ko taƙi bai cika ba. A kan mai 200 kuwa zai kai kusan mita 2. Ni a wurin kamu, ina gamawa da hannun amarya nake cire shi in jefa a aljihu, tun kafin gwaggwanni su jeru.

Kwanbata lamarinsa daban. Shi yana da gilashi, tsakiyar hoton yake faɗaɗawa, bai taɓa iyakar fokas ba, ta kusa ko ta nesa. Ka jera biyun, 200 ɗinka ya zama 560. Inda yake cin ka shi ne haske: in lambar buɗewar lensinka f/4 ce, za ta koma f/11, wato kashi ɗaya cikin takwas ne ya rage. Yawancin tsofaffin kyamarori fokas ɗin kai-tsaye na tsaya musu a f/5.6 ko f/8, ga doki a guje, ga hazon hunturu da la'asar.

Ga kuma abin da na fi jiye maka. Wasu kwanbatocin, kamar wasu na Canon, gilashinsu ya turo gaba, ba sa shiga juna, sai mutane su sa zobe mai milimita 12 a tsakani. To ka dawo da matsalar dangin ango ke nan! In 1.4 ne a jikin lensin, iyakarka mita 6 da wani abu. In ka sa 2 a gaba, kamar mita 13. Dokin da ke tsallaken fili ba zai fito ba.

Shawarata, tafi da 1.4 shi kaɗai. Za ka samu 280 a f/5.6, ka nemi wuri kusa da bakin fili, ka jira dawakin su zo gare ka.