Tambaya da Amsa: Shin Kwamfuta Tana Maguɗin Dayis a Wasan Tawula?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne ɗan Kano da ke karatu a Alƙahira, kuma a nan na koyi wasan tawula, wanda Turawa suke kira backgammon, a wurin abokaina Misrawa da ke buga shi a shagunan shan shayi. A tsakaninmu ba a raina ni, wata rana in ci, wata rana a ci ni. Amma tun da na sauke manhajar wasan a wayata na fara karawa da kwamfuta, abin ya daina yi mini daɗi. Duk lokacin da na bar ɗa shi kaɗai, sai ta jefo daidai lambar da za ta kashe shi, idan kuma aka zo tseren ƙarshe sai ta yi ta samun tagwaye, shida da shida, biyar da biyar, ni kuwa ina fama da ɗaya da biyu. Tun da ita ce mai jefa dayis, ita ce kuma abokiyar karawata, me zai hana ta zaɓar wa kanta abin da take so?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba kai ne farkon wanda ya yi wannan zargi ba, domin tun daga shekarun 1990 babu wata manhajar tawula mai ƙarfi da ta kuɓuta daga gare shi. An zargi Jellyfish, an zargi Snowie, an zargi GNU Backgammon, har eXtreme Gammon da gwanayen duniya suke tantance wasanninsu da ita ba ta tsira ba. Ra'ayina shi ne waɗannan sanannun manhajoji ba sa maguɗi, kuma ba su da buƙatar yin sa. Ba ka faɗi sunan wadda ke cikin wayarka ba, saboda haka ba zan rantse a kanta ba, amma zan nuna maka yadda za ka gwada ta da kanka.

Ga masu karatun da ba su san wasan ba, allo ne mai gidaje 24, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 15, ana jefa dayis biyu irin na ludo, kuma wanda ya riga kai 'ya'yansa gida ya fitar da su shi ne ya ci. Ɗan da yake shi kaɗai a gida ana iya kashe shi ya koma farko, gidan da 'ya'ya biyu suka tare kuwa ba ya shiguwa. Wanda ya jefo tagwaye, wato lamba ɗaya a dayis biyun, yakan yi tafiyar lambar sau huɗu.

Asalin amsar tambayarka tana cikin lamba 36. Dayis biyu masu fuska shida-shida suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36, kuma kwamfuta ba ta motsa ɗa ko guda sai ta lissafa abin da kowace hanya daga cikinsu za ta haifar a jifarka mai zuwa, da kuma nata na bayan naka. A ce dole ta kama ka bar ɗa shi kaɗai a gaban ɗan abokin karawarka. Idan tazarar gida shida ce tsakaninsu, jifa 17 cikin 36 za su kashe shi, wato kusan kashi 47 cikin ɗari, domin ban da jifa 11 masu ɗauke da shida, akwai biyar da ɗaya, da huɗu da biyu, kowanne ta fuska biyu, sannan ga tagwayen uku da tagwayen biyu. Idan ka matso da shi ya zama tazarar gida ɗaya, haɗarin ya sauko zuwa 11 cikin 36. Idan kuwa ka nisanta shi zuwa gida bakwai, jifa shida kacal ne za su same shi, a gida goma sha ɗaya kuma biyu ne tak. Mutum yakan dubi ɗan da ke nesa da gida shida ya ga kamar ya fi wanda ke kusa tsira, alhali shi ne ya fi kowanne zama a bakin halaka. Idan aka kashe shi sai ya ce an yi masa maguɗi, ya manta cewa abin da ya faru kusan rabi da rabi ne tun kafin a jefa dayis.

Kwamfuta takan yi akasin haka, kuma a nan ne take burge wanda ya san wasan, take kuma ɓata wa wanda bai sani ba rai. Idan dole ta bar 'ya'ya biyu a buɗe, sai ta ajiye su inda lamba guda ce za ta kashe kowannensu, misali huɗu a nan, huɗu a can, ta yadda jifa 11 ne kawai za su yi maka amfani kai tsaye. Da lambobin sun bambanta, da jifa 20 ne. Nata 'ya'yan kuma takan baza su yadda shida zai gina mata gida, biyar ya kashe naka, uku ya tsallakar da wanda ya makale a baya. Kamar mafarauci ne da ya ɗana tarko a kan kowace hanyar da ta nufi rafi, duk wadda dabba ta biyo sai mai kallo ya ce sa'a ce. Saboda haka idan kana ganin kusan kowane jifa yana yi mata daidai, ba idonka ne ya yaudare ka ba, gaskiya ka gani, sai dai ba dayis ne aka gyara ba, allon ne aka shirya tun kafin jifan.

Batun tagwaye kuma lissafinsa ba shi da wuya. Cikin hanyoyi 36, shida ne tagwaye, wato jifa ɗaya cikin shida. Kowane ɗan wasa yana da tafiyar taki 167 a farkon wasa, matsakaicin jifa kuma yana ba da taki takwas da 'yan kai, saboda haka ko ba a kashe masa ɗa ko ɗaya ba, zai yi jifa kusan 20 kafin ya gama, kuma ana sa ran tagwaye uku ko fiye a cikinsu. Samun tagwaye sau uku a jere abu ne na ɗaya cikin 216 idan an ware jifa uku kawai aka duba, amma a tsawon wasa guda damar tana taruwa har ta kai kusan wasa ɗaya cikin 15 ga kowane ɗan wasa. Wanda yake buga wasa goma a dare zai riƙa ganin hakan a kai a kai. Haka nan idan an kashe maka ɗa, abokin karawa kuma ya rufe gidaje biyar cikin shidan da ɗan zai bi ya sake shiga allo, jifa 25 cikin 36 ba za su shigar da kai ba, kuma kasa shiga sau uku a jere yana faruwa kusan sau ɗaya cikin uku. Abin yana da ciwo, amma ba abin mamaki ba ne.

Ga kuma halin ɗan Adam. Tagwayen shida da suka cece ka makon jiya ka ɗauke su a matsayin haƙƙinka, ka manta da su, amma waɗanda suka kayar da kai suna nan daram a zuciyarka. A shagon shayi kana ganin hannun abokinka yana jefa dayis, babu wanda za ka tuhuma sai ƙaddara. A waya kuwa jifan yana fitowa daga inda ba ka gani, sannan ana buga wasanni da sauri, wanda hakan ke sa ka ci karo da abubuwan ban mamaki da yawa cikin ɗan lokaci.

Kada a ɗauka ina cewa sa'a ba ta da tasiri. A watan Yulin 1979, a birnin Monte Carlo, manhajar BKG 9.8 da Hans Berliner na Jami'ar Carnegie Mellon ya rubuta ta doke Luigi Villa, wanda bai daɗe da zama zakaran duniya ba, da ci 7 da 1. Shi kansa Berliner ya bayyana daga baya cewa Villa ya fi manhajar iya wasa, dayis ne suka fi yi mata daɗi a wannan karawa. Wancan zamani ne da gwanin mutum ya fi na'ura. Lamarin ya juya a 1992, lokacin da Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da TD-Gammon, wadda ta koyi wasan ta hanyar karawa da kanta sau dubun dubata, har wani samfurinta ya buga wasa miliyan ɗaya da rabi. Ta kai ga sauya wa gwanaye yadda suke buɗe wasa. A da idan an jefo biyu da ɗaya, ko huɗu da ɗaya, ko biyar da ɗaya, da yawansu sukan ajiye ɗa tilo a gida na biyar da fatan rufe shi a jifa na gaba, sai TD-Gammon ta nuna fifikon raba 'ya'ya biyun da kowane ɗan wasa yake farawa da su a can baya, mutane da yawa kuma suka bi ta. Manhajojin yau jikokinta ne, kuma sun fi ta ƙarfi. Wanda zakarun duniya suke zuwa ɗaukar darasi a wurinsa, me zai sa ya saci dayis don ya ci ɗalibi?

Gwajin da ya fi kowanne yanke gardama shi ne ka karɓe jifan daga hannunta. GNU Backgammon, wadda kyauta ce kuma kowa yana iya karanta yadda aka rubuta ta, tana ba ka damar jefa dayis naka na hannu ka shigar mata da lambobin, naka da nata. Ta haka ba ta iya zaɓar jifa, ba ta kuma iya leƙen wanda ke tafe. Ka buga wasanni masu yawa a haka, ba biyar ko goma ba, ka kwatanta da sakamakon da kake samu a da. Idan manhajar wayarka ba ta da wannan zaɓi, ka ɗauki littafi ka rubuta kowane jifa, nata da naka, ba sai wanda ya ba ka haushi ba. Cikin jifa 600 na kowannenku ana sa ran tagwaye kusan 100, kuma duk abin da ya faɗo tsakanin 82 da 118 bai fita daga al'ada ba. Idan ka tarar nata ya haura 150 naka bai kai 70 ba, to lallai akwai lauje cikin naɗi, ka goge ta. Ina ƙara jan kunne game da manhajojin da ake sayen kwabban wasa ko ake zuba kuɗi a cikinsu, domin a nan mai manhaja yana da abin da zai samu idan ka faɗi, kuma ba ka da hanyar ganin cikinta. Wannan caca ce, hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne, batun wasan dayis kansa kuma malamai sun yi magana a kai, ka tuntuɓe su.

TAMBAYA: Ni malama ce mai koyar da kwamfuta a wata sakandare. Muna gaya wa ɗalibai cewa na'ura umarni kawai take bi, to ta yaya za ta yi jifan da ba wanda ya san abin da zai fito? Sannan idan na zaɓi matakin masu koyo ina yawan cin ta, ashe ba dayis take sassauta mini ba?

AMSA: Malama, abin da kuke koya wa ɗalibai daidai ne. Yawancin manhajoji ba jifa na haƙiƙa suke yi ba, wata dabarar lissafi ce take karɓar lambar farawa, sau da yawa daga agogon na'urar, ta riƙa fitar da jerin lambobin da ba a iya bambanta su da na dayis ta hanyar ƙidaya. Wadda ta fi shahara ita ce Mersenne Twister, da Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura na ƙasar Japan suka ƙirƙiro a 1997, kuma GNU Backgammon tana amfani da ita. Tsawon jerinta kafin ya maimaita kansa lamba ce mai ɗauke da alƙaluma fiye da dubu shida. Wannan tsari ma yana ba da wata hanyar gwaji da za ki iya nuna wa ɗalibanki a aji. Ki saka lambar farawa da kanki, ki buga wasa ki rubuta jifan, sannan ki sake saka lambar nan ki buga wasan da wasu motsi dabam. Jerin lambobin zai fito iri ɗaya, wanda ke nuna cewa ba ya duban abin da ke kan allo. Wanda bai gamsu da lissafi ba yana iya sa manhajar ta ɗauko jifa daga random.org, inda ake samar da lambobi daga hayaniyar sararin samaniya da rediyo ke kamawa.

A matakin masu koyo kuma, abin da GNU Backgammon take yi shi ne ta rage zurfin hangenta, ta kuma cusa kuskure da gangan cikin yadda take auna motsi, sai ta riƙa barin 'ya'ya a wuraren da bai kamata ba. Jifan bai sauya ba, amma da yake shirinta ya raunana, za ki ga kamar sa'arta ce ta ragu.

Kuskure yana iya shiga ta wurin marubucin manhaja mai sakaci. Idan ya ɗauki lamba tsakanin 0 da 255 ya raba ta da shida ya yi amfani da abin da ya saura, fuskoki huɗu za su samu dama 43 kowacce, biyu kuma 42, domin 256 ba ta rabuwa da shida daidai. Irin wannan dayis yana da ɗan karkata, sai dai karkatar tana shafar jifanki da nata daidai wa daida, tun da daga jeri ɗaya ake ɗebo su duka.