Hukuncin shaƙa wa ɓeraye iskar ozon don bincike

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya gafarta. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maradi. Mun karanta cewa masu bincike kan rufe ɓeraye cikin akwati, su sakar musu iskar ozon, suna auna zafin jikinsu da bugun zuciyarsu. Abokina ya ce babu laifi tunda shari'a ta halatta kashe ɓera. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, abokinka ya riƙe rabin hujja. Gaskiya ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa ɓera yana cikin dabbobi biyar masu cutarwa da ake kashewa ko a cikin Harami. Amma wannan izinin kisa ne don kawar da ɓarna, kamar kusun da ya addabi rumbun gero. Azabtarwa hukuncinta daban, domin Muslim ya ruwaito daga Shaddad bin Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har wajen kisa.

Kafin hukunci sai a san abin. Ozon iska ce da ke haɗuwa idan hayaƙin motoci da na kabu-kabu ya gamu da hasken rana mai ƙarfi, tana kuma ƙona hanyar numfashi. Zuciyar ɓera kan buga sau 300 zuwa 400 a minti. In ya shaƙi ozon, ko da kashi 1 cikin miliyan na iskar, bugun yakan ragu sosai, zafin jikinsa ya sauka da digiri 2 ko fiye. Masana suna ganin kariya ce: jiki ya rage aiki, numfashi ya ragu, gubar da ke shiga ta ragu. Subhanallah, ga ƙaramar halitta Allah bai bar ta ba dabara. Mutum kuwa, saboda girman jikinsa, ba ya sanyi haka, shi ya sa sakamakon ɓera ba ya hawa kan ɗan Adam kai tsaye.

A nan hukuncin yake. Dabbar da jikinta ke wannan faɗa tana cikin wahala, wahala kuwa sai maslaha tabbatacciya ke halatta ta. In binciken zai gano abin da ba a sani ba, wanda zai amfani masu asma ko masu ciwon zuciya, kuma babu wata hanya, ya halatta. Sharaɗi shi ne a taƙaita yawan ɓerayen da lokacin shaƙar, kada a hana su ci da sha, a kashe musu raɗaɗi in za a dasa musu na'urar awo a ciki, in kuma kisa ya zama dole a gaggauta.

Amma maimaita abin da aka riga aka tabbatar, don kawai a cike takardar kammala karatu, ban ga halaccinsa ba. Ka karanta sakamakon waɗanda suka yi, ya ishe ka. Wallahu a'alam.