Abin da ya sa na karɓi aikin littafin yaran nan

Lawali, tambaya biyu ka haɗa mini. Ka ce me ya sa na karɓi buga littafin hotunan yaran nan alhali ribarsa ba ta kai ta katin biki ko kalandar ƴan kasuwa ba, ga shi tun bai fita ba an fara surutu a kansa. Ka kuma ce me ya sa na mayar maka da gwajin shafin da yarinyar take tsaye bakin rijiya, bayan a idonka launi ya fito daidai. Bari in fara da ta injin, don ita ce hannunka zai taɓa.

Ɗauko gwajin, ka ɗora gilashin ƙara girma a kumatun yarinyar. Ɗigo-ɗigo za ka gani na tawada huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma na baƙin sun danne sauran. Ka ga yarinya baƙa ce, sai ka buɗe wa baƙar tawada. To, fatar baƙin mutum ba da baƙar tawada ake gina ta ba. Ja da rawaya ne ginshiƙinta, rawayan ya ɗan ɗara jan. Shuɗi shi ke zurfafa ta, amma in ya yi yawa sai yarinya ta koma toka-toka. Baƙi kuwa ɗan kaɗan ake bari a inuwa, ƙarƙashin haɓa, gefen wuya, bakin ɗankwali. Da ka cika shi, goshi da hanci da kumatu sun haɗe dunƙule guda, ido biyu da haƙora kaɗai suka rage. Murmushin da mai zane ya wahala a kansa ya ɓace. Sannan kada allon kwamfuta ya ruɗe ka. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa shan tawada take yi, kowane ɗigo sai ya ɗan buɗe in ya sauka, saboda haka abin da ya yi maka kyau a allo zai fi duhu a takarda. In ka tara kason tawada huɗun a wuri ɗaya, kowace ana auna ta daga 0 zuwa 100, ya wuce 300, ba za ta bushe da wuri ba, sai ka ga fuskar ta manne a bayan takardar da ta hau kanta. Rage baƙin, rage shuɗin kaɗan, ka fitar da gwajin bakin ƙofa ka duba shi a hasken rana, domin fitilar shagon nan tana ɓoye laifi.

Ɗana, a katin biki in launi ya ɗan kauce babu mai kuka. Nan kuwa yarinya mai shekara 6 ce za ta sa yatsa a fuskar nan ta ce ga ni. In ta ga dunƙulen baƙi mai haƙora, mun gaya mata wani abu a kan kanta, kuma ba malamar da ta rubuta littafin ce ta faɗa ba, mu ne.

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Je ka duba abin da ke hannunsu in an ce littafin hoto. Yawanci kwalayen kyauta ne daga Turai: ƙanƙara na zuba, yaro da riga mai kauri, kare kwance a kan gado. Ba na ƙinsu, yaro ya san akwai wata duniya bayan tasa. Amma ɗan Tawa ya gama firamare bai taɓa ganin rumbu a littafi ba, bai ga faifai ba, bai ga tsohuwa na dama fura ba, sai ya ɗauka abin da ya isa a zana yana can wani wuri. Wata malamar jami'a a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta rubuta a 1990 cewa littafi ga yaro madubi ne kuma taga ne. Yaranmu sun sami tagogi, madubin ne ya yi ƙaranci. Labarin da ke kan injinmu ɗan ƙarami ne: yarinya ce daga Adar aka kawo ta wurin gwaggonta a unguwar Bukoki nan Yamai, ƴan ajinsu a lakwal suna dariyar yadda take magana, har ta yi ƙawa Bazabarmiya, suka gane kowacce tana da abin da ɗayar ba ta iya faɗa ba. Ni ma daga Adar na zo garin nan, na san dariyar.

Sai surutun. Kada ka zuba masu magana duka a buhu ɗaya, don ba abu ɗaya suke faɗa ba.

Akwai dattijon da ya leƙo ya ga gwaji a kan tebur ya ce hoton mai rai ba shi da kyau. Da gaske yake, addininsa yake karewa, kuma ka ga ban ɗaga masa murya ba. Hukunci na malamai ne. Abin da na ce masa kawai shi ne hadisin Nana A'isha da ƴartsanarta yana cikin Bukhari, kuma malamai da yawa sun yi sauƙi a kan abin wasa da abin koyon yara, ya tambayi nasa malamin. In bai natsu ba, kada ya saya. Babu faɗa a nan.

Akwai kuma mai cewa duk littafin yara mai maganar asali shigo da rigimar Turawa ne. Wannan ya ji wani abu a rediyo, kuma abin ya faru. A Amurka tun wajen 2021 ake ta ja-in-ja kan littattafan makaranta. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta ƙirga littattafai daban-daban 4,240 da aka nemi a cire ko a taƙaita a 2023. Wasu a kan launin fata da tarihin bauta suke. A jihar Tennessee, a 2021, wata ƙungiyar iyaye ta kai kuka ga ma'aikatar ilimin jihar a kan littafin da ke ba da labarin Ruby Bridges, baƙar yarinyar nan mai shekara 6 da jami'an tsaro suka raka zuwa makarantar fararen fata a New Orleans a 1960, mutane na yi mata ihu a bakin hanya. Abu ne da ya auku, akwai hotunansa, matar tana raye. Wasu da yawa kuma a kan batun jinsi da auren jinsi suke, har a watan Yuni na 2025 kotun ƙolinsu ta ba wasu iyaye a jihar Maryland, da Musulmi a cikinsu, damar janye ƴaƴansu daga darasin da ake karanta irin waɗannan littattafai. Ka ga rigima ce mai rassa, kuma tasu ce, da dokokinsu da tarihinsu. Ni abin da na ɗauka daga ciki guda ne. Uba ya buɗe littafi ya duba kafin ya miƙa wa ɗansa, wannan haƙƙinsa ne, ni ma haka nake yi wa jikokina. Amma ya ce tun da ɗansa ba zai karanta ba to ɗan kowa ma kada ya gani, nan ya wuce gona da iri. Shi ya sa duk wanda ya zo da wannan magana, ka ba shi kujera, ka miƙa masa gwajin tun daga shafin farko har na ƙarshe. Yawancinsu ba su taɓa riƙe littafin ba.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, don yana da gaskiya a bakinsa. Shi ne mai cewa in kun zana wannan Bahaushiya ce, wannan Bafillace ne, wancan Buzu ne, kuna koya wa yara ƙabilanci. Wani Bazabarme abokina ya ƙara da cewa tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, yana tsoron sauran harsuna su koma baya. Ban raina tsoronsa ba. Da ni ne a wurinsa da na ji haka. Amma ɓoye bambanci ba ya kashe ƙabilanci. Yaro yana ganin rawani da tagulmus na Buzaye da ƙwaryar nono a kasuwar Katako kullum, tambayar ita ce wa zai fara gaya masa ma'anarsu, littafi mai mutunta kowa ko baƙar maganar bakin titi. Kakanninmu ma ba ɓoyewa suka yi ba. Sun mayar da bambancin wasan taubasai, Bafillace da Babarbare su yi ta tsokanar juna babu mai fushi, har UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon duniya a 2014. A filin kokowa, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, kowace jiha da kirarinta take shiga, kuma ranar ce ƙasar ta fi zama ɗaya.

Inda mai wannan magana yake da gaskiya shi ne a cikin zanen kansa, kuma nan ne aikinmu ya wuce danna maɓalli. Ka tuna shafin kasuwa da na mayar wa mai zane. Yara biyu na tafiya, mai hasken fatar yana gaba hannu sake, mai duhun yana baya da kaya a ka. Saurayin bai yi da nufi ba, hannunsa ne ya bi abin da idonsa ya saba. Amma a ƙasar da sai a 2003 doka ta mayar da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma har yau akwai gidajen da ake goranta wa mutum asalinsa, wannan zane ba ƙaramin abu ba ne. Na nuna wa malamar, ta yi shiru, ta ce a sake. Yanzu kowannensu yana riƙe da kunne ɗaya na kwandon. Duk littafin da aka kawo maka, ka duba wa ke gaba, wa ke tsugune, wa aka ba suna, wa aka bari ba suna. In aka kawo wanda ya mayar da wata ƙabila abin dariya ko ƴan aikin wata, mayar wa mai shi da kuɗinsa.

Amsar da na ba abokina Bazabarmen kuwa a cikin injin take, shi ya sa nake so ka riƙe wannan da kyau. Littafin shafi 32 ne. Takardarmu tana ɗaukar shafi 8 a kowace fuska, ke nan takarda biyu, fuska huɗu, kowace fuska faranti huɗu na launi, wato fallayen ƙarfen da inji ke buga hoto da su, jimla 16. Farantan nan da wanke inji da daidaita launi su ne ke cin kuɗi. To na hana mai zane ya sa rubutu a cikin hoto, na hana farin rubutu a kan launi. Rubutu duka baƙi ne, a fili, a kan farantinsa na daban. Za mu buga hotunan gaba ɗaya a tashi guda, mu jibge su, sannan mu raba: wannan kashi ya sake bi ta inji da rubutun Hausa, wancan da Zabarmanci, wani da Fulatanci, wani da Tamajak. Kowane sabon harshe faranti 4 kawai zai ci a cikin littafin, ba 16 ba. Yarinyar ɗaya ce, rijiyar ɗaya ce, amma uwa a Doso za ta karanta wa ɗiyarta da bakinta, ta Abalak ma haka. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da harshen uwa a Damagaram, kuma cikin abubuwan da suka daɗe suna ja wa aikin baya akwai ƙarancin abin karantawa. Ga hanya mai arha, a hannunmu take.

Saboda haka ka bar fili wadatacce ƙarƙashin kowane hoto, domin jimlar da ta ci layi biyu a Hausa tana iya cin uku a wani harshe. Kafin a fitar da faranti ka bi haruffa masu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da ŋ ta Zabarmanci da Fulatanci. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, ka ga harafin ya fi ƴan uwansa siranta, ko ta bar akwatin banza a wurinsa. Yaron da yau ya fara haɗa baƙi da wasali ba zai iya cike gurbin da kansa ba. Kuma kowane harshe sai mai shi ya karanta gwajin ya sa hannu, kada ka dogara da ni a Tamajak.

Batun riba, gaskiyarka, kaɗan ce. Takarda daga waje take zuwa, kuma da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗinta ya hau. Na zauna da malamar muka rage abin da za a rage: takarda mai sheƙi matsakaiciya a ciki, bango mai kauri da leda a kansa don hannun mai da ƙura, babu bangon katako. In littafi ya wuce jika biyu, mai tuyar ƙosai ba za ta saya wa ɗanta ba, kuma ɗanta muke nema. Abin da ban yarda a rage ba shi ne ɗinki. Gam yana tsagewa a zafin watan Afrilu, ɗinkin waya yana tsatsa da damina, littafin nan kuwa yara goma za su ja shi a tsakar gida ɗaya. Da zare za mu ɗinke shi. Gobe da safe kafin zafi ya taso ka wanke abin birgima na baƙar tawada, mu sake fitar da shafin rijiyar, in ya yi sai mu kira mai karanta Zabarmancin.