Nisan Kano zuwa Guangzhou a jirgin sama

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma ina shirin zuwa Guangzhou karo na farko domin saro yadi. Kilomita nawa ne tsakanin Kano da wannan birni na China, kuma biyawa ta Addis Ababa ko Alƙahira ba zagaye ba ne mai yawa?

Amsa: Idan aka auna miƙaƙƙiyar hanya daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Baiyun na Guangzhou, nisan ya kusa kilomita 11,000. Jirgin fasinja yakan ci kilomita 850 zuwa 900 a awa guda, saboda haka da a ce akwai jirgin da ba ya yada zango, da tafiyar ta ɗauki kimanin awa 13.

Batun zagaye kuwa, taswirar da ake ratayewa a bangon aji ce take yaudarar ido, domin an shimfiɗa duniya a kanta kamar tabarma alhali duniya mulmulalliya ce. Malam, idan ka sami ƙwallon taswirar duniya, ka danne bakin zare a kan Kano, ka ja shi ya miƙe sosai zuwa Guangzhou. Za ka ga zaren bai nufi gabas sak ba, ya karkata arewa maso gabas, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, ya ƙetare Bahar Maliya, ya gifta kusa da Madina, ya hau har saitin Delhi a Indiya, sannan ya gangaro kudancin China.

Wannan ne ya sa Alƙahira, wadda a takarda take kama da ratse zuwa arewa, ba ta kauce wa hanya sosai ba. Daga Kano zuwa can kimanin kilomita 3,100 ne, daga can zuwa Guangzhou kuma kimanin 8,000, ƙarin bai kai kilomita 200 ba. Ta Addis Ababa jimillar takan kai kimanin 11,400. A aikace jirgi yakan ɗara waɗannan alƙaluma, musamman tun da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa jirage suke kauce wa sararin samaniyarta.

A ganina, abin da ya kamata ka duba a tikiti shi ne tsawon jiran jirgi na biyu, domin jiran awa 8 a filin jirgi ya fi bambancin kilomita 300 cin rai nesa ba kusa ba. Ka kuma tuna agogon China yana gaba da na Najeriya da awa 7, kuma lokacin sauka da aka rubuta a tikiti na agogon can ne. Dawowa takan ɗan fi zuwa daɗewa, musamman a lokacin sanyi, saboda iskar da take kaɗawa can sama daga yamma zuwa gabas tana tura jirgin a zuwa, tana kuma tare shi a komowa.