'Yar yayana ta kai shekara 11, wace tsarabar sallah ce ta dace da ita?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malama. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Abuja, duk ƙaramar sallah nakan je gida Kano. Yayana yana da 'ya mai shekara 11, tana aji shida na firamare. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa nake ji da ita. Bara na kai mata 'yar tsana mai tsada, ta durƙusa ta yi godiya, washegari sai na ga 'yar tsanar a hannun ƙanwarta. Bana da na tambaye ta, sai ta ce waya take so ko akwatin kayan kwalliya. Ni 'ya'yana duk maza ne, ban san kan 'yan mata ba. Na ware naira dubu 50. Gidan kuma mata biyu ne, akwai 'yan ubanta. Me za ki ba ni shawara in saya?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Gwaggo. Allah ya bar zumunci. Kada ki sa wa ranki damuwa a kan 'yar tsanar bara. Yarinyar ba raina kyautarki ta yi ba, ta wuce wurin ne ba ki sani ba, tunda sau ɗaya kike ganinta a shekara. Na haura shekara 20 ina koyar da 'yan aji biyar da aji shida, kuma ban ga lokacin da yarinya ke sauyawa da sauri kamar tsakanin shekara 10 zuwa 12 ba. Wadda kika bari a zangon farko tana 'yar carafke a gindin darbejiya, kafin zango na uku sai ki gan ta tana gyara zaman hijabinta a gilashin taga, tana ɓata rai idan an kira ta da sunan wasa a gaban baƙi. Amma ita ɗin ce dai za ki tarar tana tsalle a tsakar gida ranar da aka yi ruwan farko. Ba ta gama fita daga ƙuruciya ba, ba ta kuma zama budurwa ba.

Da ta ce miki waya ko kayan kwalliya, abin da take nufi shi ne: "Gwaggo, ki lura na girma." Wannan saƙon za ki amsa, ba lallai sai da waɗancan kayan ba. Kyautar da ke shiga ran yarinya a wannan shekaru ita ce wadda aka tambayi ra'ayinta a kai, kuma ta zama tata ita kaɗai.

Ki fara da matar yayanki, uwar yarinyar. Ki kira ta ki tambayi abin da mahaifin ya riga ya saya, don kada ki maimaita, kuma don kada kayanki su zo su danne nasa ranar idi. Ita ce kuma za ta ba ki awo na gaskiya. Kada ki yi aiki da tsayin da kika gani bara, domin a wannan lokaci yarinya kan ƙara kusan santimita 7 zuwa 8 a shekara guda, kuma ƙafa ce ke riga sauran jiki girma. Idan takalmi kike so, a sa ta taka farar takarda a zagaye ƙafar da biro, a auna a turo miki. Ki zaɓi mai faɗin ƙasa. Yarinyar da za ta wuni tana yawon sallah daga gidan kaka zuwa gidan inna, takalmi mai tsini ba zai kai ta la'asar ba sai ta cire ta riƙe a hannu, ƙafa duk ta yi kanta.

Idan tufafi kika zaɓa, ba sai kin sayi turmi guda ba. Turmin atamfa yadi shida ne, ita kuwa yadi uku zuwa huɗu ya ishe ta riga da siket da ɗankwali. Ki ɗauki hoton kala uku ki tura wayar uwarta, ki ce ita yarinyar ta zaɓa. Ko da wadda ta zaɓa ba ta kwanta miki ba, ki saya mata ita. Idan kuwa za ki iso gida da wuri, ki riƙe hannunta ku shiga Kantin Kwari tare, ki bar ta ta taɓa yadi, ta ji ana ciniki, ta ɗauko ledarta da kanta. Wannan fitar za ta daɗe tana ba ƙawayenta labari. Sai dai ki kula da lokaci: ɗinkin da bai je hannun tela ba kafin azumi ya yi goma, yana iya kwana a shago daren sallah. Idan lokaci ya ƙure, abaya ɗinkakkiya da mayafinta ta fi kwanciyar hankali. A ce wa tela ya bar ƙari a gefe da ƙasa don a saki gaba, kuma kada ya matse ƙirji. Yarinyar da jikinta ya fara sauyawa takan tsargu da kanta ƙwarai, sai ki ga an yi mata ɗinki mai kyau amma ta ƙi cire hijabi ko a cikin ɗaki.

Ina son hadisin Ummu Khalid da ke cikin Sahihul Bukhari a nan. An kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tufafi, a ciki akwai wani ƙaramin baƙin mayafi mai ado. Ya sa aka kawo masa Ummu Khalid tana ƙaramar yarinya, ya sanya mata da hannunsa, ya yi mata addu'ar ta sa har ya tsufa, yana nuna adon yana yaba kyansa da harshen Habasha, ƙasar da aka haife ta. Ya kira ta ita kanta, ya yi mata magana da harshen da ta sani. Ke ma idan kin je, kada ki bayar a kai mata ɗaki. Ki kira ta ki miƙa mata, ki sa ta gwada, ki yaba.

Waya kam ban ba ki shawara ba. Facebook da TikTok da Instagram duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, kuma ko ta kai 13 ɗin, hukuncin ba yarinya waya na iyayenta ne, ba na gwaggo ba. Idan kika kai, kin bar wa uwarta aikin ƙwacewa da dare, ke kin koma Abuja. Ki faɗa wa yarinyar gaskiya cewa lokacinta bai yi ba, kuma kada ki yi mata alkawarin baɗi idan ba ki da tabbacin cikawa, domin ba za ta manta ba.

Kayan kwalliya kuwa, a nan nake so ki tsaya ki duba da idonki na ma'aikaciyar lafiya. Akwatunan kwalliyar yara masu arha da ake zubawa a kasuwa gab da sallah, da yawansu babu sunan kamfani, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. Fatar yarinya ba wurin gwaji ba ce. Kwallin dutse da muka taso da shi, sau da yawa dutsen dalma ne ake niƙawa, kuma dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda ƙurar haƙar zinare ta kashe yara sama da 400. Ita kuwa yarinyar da aka sa wa kwalli tana murza ido ta sa hannu a abinci, kuma likitoci ba su san wani adadin dalma da za a ce ba ya cutar da yaro ba. Sai baƙin lallen da ake haɗawa da dayis na rina gashi. Sinadarin da ke cikinsa, wanda ake kira PPD, yana sa wasu fatarsu ta tashi. Na taɓa ganin ɗalibata ta dawo hutun sallah, zanen fulawar da aka yi mata a bayan hannu ya kumbura ya yi ruwa daidai yadda aka zana shi, har ta kasa riƙe fensir. Abin bai nuna ranar da aka yi ba, sai bayan kusan mako guda, kuma tabon ya kai ƙarshen zango. Idan za ki biya mata kuɗin ƙunshi, ki ce jan lalle na ganye kike so. Man shafawa kuma, duk wanda aka rubuta yana haska fata, ki ajiye shi. Ban da illar sinadaransa, kin gaya wa yarinya mai shekara 11 cewa launin da Allah ya yi ta da shi yana buƙatar gyara, kuma wannan magana tana zama a zuciya.

To me za ki ba ta a madadinsa? Ki haɗa mata akwatin da kanki. Ki nemi ƙaramin akwati ko 'yar jaka mai makulli, ki sa madubi, da mataji, da man leɓe marar launi, da man kaɗanya mai kyau, da ribom kala-kala, da 'yar kwalbar humra mai sanyin ƙamshi, da 'yan kunne ƙanana. A kan 'yan kunne, ki tambayi uwarta ko kunnenta yana ƙaiƙayi ko ruwa idan ta sa na ƙarfe mai arha. Idan haka ne, azurfa ƙwaya ɗaya ta fi dozin na gwangwani. Makullin nan kada ki raina shi. A gidan da yara suke da yawa, komai na kowa ne, ƙanne suna wawushe duk abin da suka gani. Akwai wata yarinya a ajina da ta shekara tana rataye da ɗan makulli a wuya da zaren ulu, ƙarƙashin hijabi. Da na tambaye ta, ta ce na akwatin da kakarta ta ba ta ne. Abin da ke ciki bai wuce duwatsun tsakiya da wasiƙun ƙawaye da naira ɗari biyu ba, amma shi ne kawai abin da babu mai buɗewa sai ita.

Bayan wannan, ki ƙara abu ɗaya da zai wuce kwanakin sallah. Ki tambayi uwarta: idan babu aike babu wanke-wanke, me yarinyar take yi? Idan mai karatu ce, ki haɗa mata Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya zuwa na uku, da fitila mai cajin hasken rana, don ɗauke wuta kada ya raba ta da karatu. Idan mai son aikin hannu ce, kwarashi da ulu, ko duwatsun ado da zare. Na ga 'yan aji shida suna saƙa hular jarirai suna sayar wa matan unguwa. Agogon hannu ma yana burge su, kuma zai yi mata amfani tunda sakandare za ta shiga. Alƙur'ani nata na kanta mai manyan baƙi da sallaya mai laushi kyauta ce mai daraja, musamman idan ta kusa sauka, amma ki haɗa da wani abin ado, kada ta ji kamar wa'azi kaɗai kika kawo mata. Idan gidan yana da fili, kada ki manta da dabarar iyayenmu ta ba yarinya 'yar akuya ko kaji biyu. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, kafin ƙaramar sallar baɗi yarinya ta ga abinta ya ƙaru, ta koyi kiwo da tattali.

Akwai kuma ƙunshin da ba a buɗewa a gaban mutane. 'Yan mata suna fara alamun balaga tsakanin shekara 8 zuwa 13, al'ada kuma takan zo kamar shekara biyu bayan ƙirji ya fara tasowa. Don haka 'yarku tana bakin wannan lokaci. Ki sayi bes na auduga, da wanduna, da fakitin audugar mata, ki damƙa wa uwarta a ɗaki. Idan uwar tana jin nauyin maganar, kamar yadda iyaye mata da yawa suke ji musamman a kan 'yar fari, ki nemi izininta ki zauna da yarinyar ku biyu. Ke gwaggo ce kuma ma'aikaciyar jinya, babu wanda ya fi ki dacewa. Yaran da na gani suna kuka a bayan aji ranar da abin ya fara zo musu, kusan dukkansu babu wanda ya taɓa gaya musu komai.

Batun 'yan uba, kin yi daidai da kika ambata. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya keɓe wa ɗa guda, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Da iyaye ake maganar, amma gwaggon da ta shiga gidan mata biyu da leda ɗaya ta kunna wutar da ba ita za ta zauna a cikinta ba, yarinyar ce za a riƙa yi wa gori. Kowa ya san takwarar mahaifiya tana da nata matsayi, ba za a yi mamaki ba idan nata ya ɗan fi. Abin da ba zai yiwu ba shi ne wani yaro ya tashi hannu wofi. Daga dubu hamsin ɗin, ni da zan raba, rabi na yarinyar ne, kashi ɗaya cikin huɗu na sauran yaran gidan, ɗaki biyun daidai wa daida, ragowar kuma ki canzo sababbin kuɗi na goron sallah. Ki raba na kowa a tsakar gida, nata na musamman kuma ki ba ta daga baya a ɗakin uwarta.

Idan an yi hawa bana, ki roƙi yayanki ya ba ki ita washegarin sallah ku je kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, ko ku shiga gidan zu da safe kafin cunkoso. A hanya ki bar ta ta yi ta surutu, ki ji sunayen ƙawayenta da darasin da yake ba ta wuya da abin da take so ta zama. Daga nan za ki san abin da za ki riƙo mata a babbar sallah, tunda tsakaninsu wata biyu ne da kwana goma kacal.