Tambaya da Amsa: Zan tafi ƙauye, wa zai kula da dabbobina?

Tambaya: Ina zaune a Tahoua. Zan tafi ƙauyenmu wajen Keita mako uku a watan Afrilu. Ina da tumaki uku, awaki biyu, kaji goma da kare. Ɗan yayata zai kwana a gidan, amma bai taɓa kiwo ba. Me zan shirya masa?

Amsa: Hajiya, ba yunwa kaɗai ke kashe dabbar da aka bar wa wani ba, har da cika mata dussa da hatsi don nuna ƙwazo, sai kuma ƙishirwa. Saboda haka kada ki ce masa "ka ba su abinci" kawai. Ki auna masa komai a gabansa.

Tunkiya mai kilo 35 tana cin kamar kilo 1 na busasshen abinci a yini, harawa ko ciyawa. Ki ɗaure rabon kowace rana daban, ya ɗauki ɗauri ɗaya da safe ya raba biyu. Dussa kuwa gram 300 zuwa 400 ta ishi kowace dabba. Ki samu gwangwani guda, ki zuba daidai wannan, ki ja layi a jikinsa. A fara ba da harawa, dussa ta biyo baya. Buhun gero da na dussa su shiga ɗaki mai makulli, don akuya ba ta san ƙoshi ba. Idan ta faɗa kan hatsi, yana tsami a tumbinta, ta daina tuƙa, gefen hagu na cikinta ya kumbura, zawo ya biyo, wani lokaci ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Da ya ga haka ya janye dussa gaba ɗaya, ya bar mata busasshiyar ciyawa, ya kira likitan dabbobi nan take. Tuwo da shinkafar da suka kwana ma haka suke yi idan sun yi yawa.

A Afrilu zafin Tahoua yana wuce digiri 40, kowace dabba za ta sha lita 6 zuwa 8. Ga tumaki da awakin nan biyar, bido biyu ke nan na lita 20 a yini. Ki bar masa tano, wato duro, cike saboda ranar da famfo ya ɗauke, kuma mazubin ruwan ya zauna a inuwa. Turke ma a ƙarƙashin rumfa, igiya kada ta kai inda za ta naɗe da ta wata. Leda kuma ya tsince ta kullum, akuya tana haɗiye ta, ba ta narkewa, sai dabba ta yi ta ramewa ba a san dalili ba.

Kaji goma, kilo 1 na tsaki da dussa ya ishe su, da ruwa lita 4 da ake canzawa. Ya rufe akurki da magariba, kuma kada a shigo da sabuwar kaza daga kasuwa kina nesa, ta nan annobar kaji ke shiga gida.

Karen ne ke son lokaci. Yaron ya fara zuwa kwana uku kafin tafiyarki, ya riƙa ba shi abinci da hannunsa kina tsaye. Ki tabbata an yi wa karen allurar rigakafin haukan kare. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke shi, ban da abinci mai albasa da yawa. In karen ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a wuce likita ranar.

Ki rufe gaz, ki kwashe nama daga firigo. Ki bar wa yaron kuɗin magani da lambar likitan dabbobi a rubuce, da maƙwabcin da ya san kiwo wanda zai leƙo duk bayan kwana biyu, tunda rezo a ƙauye ba ko'ina ake samunsa ba.